Waiwaye: Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Wanda ya tashi a Sakkwato kafin tankin siminti ya shigo gidajen mutane ya san yadda ake sayen kifi. Ba a tambayar mai talla komai sai kuɗi, sauran binciken na ido ne da hanci da yatsa. A ɗaga kunnen kifin a leƙa ciki: in ja ne jawur, kamun yau ne, in ya koma ruwan toka, a wuce gaba. A dubi ƙwayar ido ko ta faɗa. A danna tsoka a ga ko za ta taso. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ba ta ma kai ga taɓawa. Tun yaron da ke ɗauke da tire bai gama sallama a tsakar gida ba za ta ja numfashi ta ce: "Kai ɗan nan, wanga kihi na jiya na. Mai da ma ubangidanka abinai." Da wuya ka ji yaro ya yi gardama.

Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya yi wa iyayenmu aiki, domin abokin gaba ɗaya gare su a lokacin, wato ruɓa. Kifin da ya kwana shi ke tona wa kansa asiri. Amma cikin shekaru arba'in da suka wuce haɗarin ya sauya mazauni. Ya bar abin da ke wari, ya koma cikin abin da hanci ba ya ji, ido ba ya gani, tafasa kuma ba ta fitarwa. Mu kuwa har gobe da gwajin Gwaggo muke shiga kasuwa.

Da gamalin abin ya fara fitowa fili. Gammalin 20 maganin ƙwari ne da aka kawo ƙasar nan don gonakin koko na kudu maso yamma, sinadarin da ke cikinsa kuma sunansa lindane. Daga gonar koko ya bi hannun 'yan kasuwa har ya iso gulaben arewa. Da rani, idan ruwa ya ja baya gulbi ya yanke ya zama gurabe, sai wani marar tsoron Allah ya yi sammako ya tsiyaya kwalba guda a gurbi. Kafin hantsi ya dubi ludayi kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami, mai ƙwai da wanda bai kai yatsa ba, har kwaɗi ba su tsira. Ya kwashi na sayarwa ya bar sauran su ruɓe, da azahar kuma makiyayi ya koro shanu su sha ruwan.

Ba wai kakanninmu ba su san sa wa ruwa magani ba. Sun san magimfa, sun san ɓawon aduwa, ana dakawa a zuba, kifi ya bugu ya taso. Sai dai ƙarfin waɗannan ba ya jimawa, rana da ruwa suna cinye shi cikin 'yan kwanaki. Lindane wani abu ne dabam. Ba ya son narkewa a ruwa, kitse yake so. Sai ya kwanta cikin laka ya daɗe, ya shiga jikin ƙananan halittu, kifi ya ci su, ya taru a maiƙonsa. Tarwaɗa kuwa a laka take kiwo, kuma kifi ce mai maiƙo. Wanda ya ci ta ya karɓi ajiyar a nasa kitsen, mai shayarwa kuma ta raba da jaririnta a nono. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindane a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

A takarda an yi ƙoƙari. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki. NAFDAC ta sa lindane cikin magungunan gona 30 da ta haramta a 2008, a 2009 kuma Yarjejeniyar Stockholm ta shigar da shi jerin gubobin da ƙasashen duniya suka amince a daina yi. Amma in ka tambaye ni abin da ya fi razana mai kwalba a bakin gulbi, zan ce maka Sarkin Ruwa ne da sauran masunta. Su suka ga gurbin da aka sa wa gamalin bana ya ƙi ba da kifi baɗi. Su suka san wanda ya fita da asuba babu taru babu homa, ya dawo da kwando cike. Kifi na ganinka mai jar koma, masunta ma suna ganin juna. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ana hana su a Matan Fada duk shekara sai ranar biki, kuma al'ada da maganar masu sarautar ruwa ke tsare wurin. Shi ya sa a bikin 2020 aka iya fitar da kifi mai kilo 78 daga ciki. Ruwan da ke da mai tsawatawa yana da kariya ko ba a taɓa karanta masa sashen doka ba.

Daga nan gubar ta fito daga gulbi ta shiga kwali. Banda tana yin doguwar tafiya kafin ta kai tukunya: daga Yawuri, daga fadamun Haɗeja da Nguru, daga Baga a bakin Tafkin Cadi. Tana kwana a kwali, ta kwana a mota, ta yi makonni a rumbun dillali. Duk tsawon wannan lokaci akwai wani baƙin ƙwaro da tsutsarsa da ke cin tsokar daga ciki, ka ɗauki kifi ka ji shi sakayau, ka karya sai gari. Mai kaya yana kallon jarinsa na komawa ƙura. Abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne kwalbar fiya-fiya, ko Sniper, ko ragowar gamalin da ta ɓoye a bayan shago.

Wata rana ina zaɓen banda a wata kasuwa a cikin garin nan, hannuna ya nufi wani tuli mai ƙyalli, tsaf-tsaf, babu ko ƙuda ɗaya a kansa. Wani dattijo da ke zaune gefe yana ɓare goro, wanda ba shi ne mai kayan ba, ya jira har mai kayan ya juya neman canji, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce: "Malam, ka ga wancan tulin da ƙuda ka bi? Can za ka saye. Wanga da ƙuda yaƙ ƙi, ko ni ba ni kai ma iyalina shi." Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ƙamshin hayaƙi ne, sai can ƙarƙashinsa wani ɗan wari mai kama da na ɗakin da aka yi wa feshin sauro aka rufe. Da ba a faɗa mini ba, da ban tsaya nemansa ba.

Abin dariya ne kuma abin kuka, a ce ƙuda, mai jigilar amai da gudawa da taifot, shi ya zama duba-garinmu. Kuma ko shi ba a dogara da shi. Bandar da ta bushe ƙarau ba ta cika jan ƙuda ba ko ba a fesa mata komai ba, wadda aka fesa kuma bayan kwanaki warin ya gudu ƙuda ya dawo. Sinadarin da ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya shi ne dichlorvos. Aikinsa shi ne hana jijiya hutawa: yana toshe sinadarin da ke kashe saƙon da jijiya ta aika, sai saƙon ya yi ta maimaituwa. Haka yake yi wa ƙwaro, haka yake yi wa mutum. Wanda ya ci da yawa za a ga miyau na dalala, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Wanda ya ci kaɗan sai ciwon kai da murɗar ciki, a ce shawara ce ko sanyi, a jiƙa masa saiwa. Gaskiya ne ba ya daɗewa a jiki kamar lindane, amma mai cin miyar banda kullum ai kullum yake sabunta shi.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo guda, an kuwa samu buhunan da suka kai 4.6. Muka yi ta kukan an toshe mana kasuwa. Ban ji an yi kukan cewa waken da Turai ta ƙi, da ɗan'uwansa kifin da ba a taɓa aunawa ba, mu ne muke cinyewa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi, bayan da matasa suka riƙa shan sa don kashe kansu. Ka shiga kasuwa yau ka tambaya ka ga ko za ka daɗe kana nema.

Sai kuma zamanin tanki. Tun daga farkon shekarun 2000 kiwon tarwaɗa ya bazu a ƙasar nan har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon irin tarwaɗar Afirka. A Sakkwato ma ya kama: tankin siminti a bayan gida, tankin roba, na tamfol, a zuba 'ya'yan kifi, cikin wata biyar zuwa shida a kwashe masu kilo guda. Alheri ne babba. Matasa sun samu abin yi, kuma kifin da a da sai mai hali ko sai da kaka yanzu ana samunsa duk shekara. Ka tsaya a shataletalen Gawon Nama bayan magariba ka ga yadda hayaƙin gasasshen kifi ke tashi, ma'aikata na tsayawa da mota, masu jinya daga asibitin koyarwa na sayen na marmari su kai wa marar lafiya. Kifin a raye yake cikin baho, kai za ka nuna wanda kake so, a buge shi a gabanka. Kunnensa ja, idonsa garau, tsokarsa tana tasowa. Da Gwaggo na nan da ta sa albarka.

Ɗan wata ƙanwata yana da irin tankin nan. Wata bazara, lokacin da zafi ya kai inda ruwan tanki ke ɗumi kamar an ɗora a wuta, kifinsa suka fara ciwo: gyambo a jiki, gashin baki na guntulewa, kowace safiya a tsamo matattu. Na same shi tsugune da roba a gabansa, yana ɓalle kafso ja da rawaya ɗaya bayan ɗaya, yana zazzage garin a kan abincin kifi, yana yayyafa ruwa yana cuɗawa da hannu. Ɓawon kafson ya taru a gefen ƙafarsa. Na ce, "Kai yaro, wa yah hwaɗa maka awon maganin ga?" Ya ce, "Mai shagon magani na, Kawu. Ya ce in zuba har in ga ruwa sun canza launi." Bayan kwana kaɗan mutuwar ba ta tsaya ba, sai na ji yana waya da dillali ya zo ya kwashe. Na ce masa ai akwai kwanakin da ake jira bayan an ba dabba magani kafin a ci namanta. Ya dube ni ya ce, "Kawu, in nij jira sati ukku, mi za ni saisuwa? Mushe?"

Wannan amsar ta fi duk wata lacca bayyana inda gizo ke saƙa. Kifin da ya fi shan magani shi ne ya fi saurin isa kasuwa, domin mai shi yana tsere da asara. Yaron ba mugu ba ne. Bashi ya ci ya sayi abinci, abinci kuwa shi ke cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon tarwaɗa. A Amurka, wanda ya ba irin wannan kifi maganin oxytetracycline dole ya jira kwana 21 kafin ya kwashe, kuma akwai mai bin sawu. A nan babu takardar likitan dabbobi, babu awo, babu littafin da aka rubuta ranar da aka ba da magani. Ragowar maganin tana cikin tsoka, mu ci kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cutar cikinmu su saba da shi. Ruwan tankin kuma a buɗe shi ya bi kwata, ya tafi da maganin da ƙwayoyin da suka riga suka koyi jure masa. Ranar da yaro ya kwanta da taifot aka ba shi magani ya ƙi ji, babu wanda zai tuna da tanki.

Akwai kuma koren rini da ake kira malachite green, wanda masu ƙyanƙyasar kifi ke sawa don kashe funfuna a jikin ƙwai. Yana da arha, yana aiki. Da ya shiga jikin kifi sai ya rikiɗe ya zama marar launi, ya zauna a tsoka wata da watanni. Turai da Amurka sun haramta shi ga kifin da za a ci saboda zargin sankara. Sai abincin da ake haɗawa a gida don rage kuɗi: masara da ƙuliƙulin da suka yi funfuna, matattun kajin gidan gona da su ma magani suka sha kafin su mutu. Sai ruwan kansa, in rijiyar tana kusa da juji ko garejin da ake zubar da ruwan batir.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya sama. A 2004 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan kifin salmon kusan 700, aka ga wanda ake kiwo, musamman a arewacin Turai, ya fi na teku tara gubobin masana'antu irin su PCB da dioxin, kuma daga man kifin da ake haɗa abincinsa suke shiga. A watan Yunin 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsare nau'i biyar na kifi da jatan lande da ake kiwo a Sin, saboda ragowar magungunan da aka haramta, har da koren rinin nan. Bambancin shi ne can an auna, an gano, an yi hayaniya, an gyara abincin da ƙa'idar. Mu kuwa a 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya, har da banda, kuma dalilin da ta bayar shi ne ba mu kai cikakkun takardun da ke nuna muna da tsarin duba kifi daidai da nata ba. Ba su ce sun kama guba ba. Sun ce mu nuna littafi, muka rasa.

Hayaƙi ma yana da nasa. Idan maiƙon tarwaɗa ya ɗiga a kan wuta ya ƙone, hayaƙin da ke tasowa yana ɗauke da sinadarai masu haddasa sankara, babbansu benzopirin, su manne a fatar kifin. In aka hura wutar da leda ko tsohuwar taya ko katakon da aka yi wa fenti, abin ya ninka. Tun 2014 iyakar Turai ita ce maikurogiram 2 a kilo na kifin banda. Maganin wannan ba ya buƙatar boko mai zurfi: a nisanta kifi da harshen wuta, a sa faranti ya tare maiƙo, a yi da gawayi. Murhun da aka ƙera a Thiaroye ta Senegal tare da Hukumar Abinci da Noma ta Duniya haka yake aiki, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana da irin nata.

Mafi nauyin duka shi ne abin da ke gangarowa daga sama. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda gubar dalma. Sama da yara 400 suka rasu. Ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ce ta kashe su, ba kifi ba. Amma masu haƙar suna wanke garin dutsen da ruwa, suna kama zinariyar da zaiba, damina kuma tana share abin da ya rage zuwa rafi. Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Anka yana gangarawa ya haɗu da gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi, su faɗa Kwara sama da Yawuri. Idan zaiba ta kwanta a laka, ƙwayoyin halitta suna mai da ita wani nau'i da ke manne wa tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya haɗiye ƙanana dubu ya tara nasu duka. Don haka giwan ruwa da tsage, kifayen da muke alfahari da su a gaban baƙo, su suka fi tarawa a duk ruwan da zaiba ta shiga. Ba a yanke ta tare da kitse, ba a soye ta, ba a wanke ta. Ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki ita ta fi cutuwa.

Mutanen Minamata a Japan sun riga kowa ganin wannan. Masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zubar da ruwan zaiba a gaɓar tekun da suke su. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, sannan a 1956 aka kai yara asibiti ba sa iya tafiya ko magana. Sai 1968 gwamnati ta amince da musabbabin, shekara 12 ana ci gaba da cin kifin. Sama da mutum 2,000 aka tabbatar cutar ta kama. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Kifin Minamata sabo ne fil, kamun safiya.

Mu ma an ƙwanƙwasa mana ƙofa. A watan Afrilun 2024 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta sanar da wata cuta a ƙaramar hukumar Isa: mutum 164 da ake zargin sun kamu, yawancinsu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, ciki ya kumbura da ruwa. An kawo wasunsu asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan Gawon Nama, kuma gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin waɗanda aka fara aunawa. Aka ɗebo ruwa da ƙasa da hatsi da ganye don bincike. Rafukan da ke ratsa Isa da Sabon Birni su ke haɗuwa su zama Rima, su taru a madatsar Goronyo, su wuce ta Kwalkwalawa. A Kano kuwa an daɗe da sanin ruwan majemun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa yana ɗauke da kuromiyam, kuma rafin Jakara yana ƙarewa ne a madatsar Wasai, inda ake su ana kuma noman rani.

To a daina cin kifi? A'a. Yaron da ba ya samun nama ko ƙwai, kifi ne ke gina masa jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tamowa ta fi kashe yara a jihar nan fiye da duk gubobin da na lissafa. Abin da mai gida zai iya yi kaɗan ne amma ba banza ba ne. A riƙa sauya iri da wurin saye, kada a dawwama a kan hannu ɗaya. Mai ciki da mai goyo su fi karkata ga ƙananan kifi da karfasa, su rage manyan masu cin 'yan'uwansu. A zubar da kayan ciki da kitsen ciki. A jiƙa banda a ruwan zafi a wanke a zubar da ruwan, wannan yana rage abin da ke bisa fata ko da bai taɓa na cikin tsoka ba. Wanda ya ƙone ƙurmus a kankare baƙin.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mai saye, kuma a nan ne waiwayen ke da amfani. Abin da ya tsare gulbi a da shi ne masu sana'a sun san juna, akwai wanda ke tsawatawa, kuma mai ɓarna ya san sunansa zai fita. Tanki ya zo ba tare da wannan ba. Kowa na bayan katangarsa, dillali ya haɗa kifin gida goma a baho ɗaya, in an samu matsala ba a san na wa ba ne. Masu kiwo suna da ƙungiya, masu banda suna da shugabanni a kasuwa, amma taronsu ya fi yawa a kan farashi da rabon tallafi. Su ne ya kamata su ce duk mai tanki ya riƙe littafi: ranar zuba 'ya'ya, abincin da ya ba su, maganin da ya sa da ranar da ya sa. Su ne za su iya hana dillali ɗaukar kifin da bai cika kwanakin jira ba, su kuma yi asusun da zai tallafi wanda annoba ta faɗa wa tankinsa, don kada tsoron bashi ya tura shi kasuwa. In babu wannan asusu, wa'azi ba zai hana ɗan ƙanwata kiran dillali ba. Haka mai banda: in ba a ba shi murhun da ke busar da kifi sosai da ma'ajin da ƙwaro ba ya shiga ba, za a ƙwace kwalba yau ya sayi wata gobe.

Awo kuwa ba sai an je Legas ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sha ɗebo kifi daga Rima da Goronyo da kasuwannin garin nan suna auna ƙarafa da ragowar magani a jikinsu. Sakamakon yana ƙarewa a kundin digiri da mujallun Turanci, mai suya a Gawon Nama ba ta taɓa jin labarinsa ba, alhali tsakanin jami'ar da cikin gari gadar Kwalkwalawa ce kawai. Da gwamnatin jiha za ta ɗauki nauyi, duk wata uku a ɗebi kifi daga kasuwa, na tanki da na gulbi da banda, a auna, a karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon Rima: na wuri kaza lafiya lau, na wuri kaza an samu abu kaza, a dakata da shi. Karon farko da aka yi haka za a yi rigima. Dillalai za su yi ayari zuwa fada da ofishin kwamishina su ce an kashe musu kasuwa, wasu kuma za su ce siyasa ce. A saurare su, a ba su ruwa su sha, bayan wata uku a sake ɗebowa a auna.